Kurakuran masu son aikin duba tsofaffin sojoji

Na gaji da ganin yara sun gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, sun zo suna neman a ba su ɗakin ganin marasa lafiya. Wannan takardar ba ta kai mutum can. Sai ka ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ka zauna ƙarƙashin gwani yana duba aikinka. Mu a Kaduna ba mu da uzuri, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga asibitin sojoji na 44. Mai hangen Amurka kuwa ya sani asibitocin tsofaffin sojojinsu digirin digirgir suke nema, da horon shekara guda.

Amma kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne gaggawar tono labarin yaƙi, don ni ma na tafka shi. Farkon fara aikina aka turo mini wani tsohon samanja da ya yi Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba na ce, "Baba, ba ni labarin abin da ka gani a fagen daga." Ya daɗe yana kallona, ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan mako matarsa ta zo ta ce kwana uku bai runtsa ba. Bai sake dawowa ba, har yau abin yana cina. Mutum ya yi shekaru yana danne abu a ƙirji, kai daga ganinsa kana son ya zazzage maka cikin minti goma? Wane ne kai a wurinsa? Ni yanzu da tambayar barci nake farawa, sai ciwon kai, sai maganar fansho da yara. Takardar PCL-5 mai tambayoyi 20, ta auna firgitar da mummunan abin da mutum ya gani ya bar masa, ba na fito da ita sai zama na uku. Kujerar tsohon sojan da ya zo kuma inda zai riƙa ganin ƙofa nake ajiye ta.

Kada bakinka ya furta "taɓin hankali", ka ce firgita ko damuwa. Ka kira shi da muƙaminsa ko da ya yi shekara 30 da ajiye kaki. Rubuta magani aikin likita ne, ba naka ba. In ya ce ana yi masa ruƙiyya, ba na hana shi, sai dai in roƙi kada ya bar zuwa asibiti.

Matarsa kuma ka nemi izininsa ka zauna da ita. Ita ke jin ihunsa cikin dare, ita ta san ko ya fara shan tiramol.