Yadda na shawo kan daburcewar 'yata a gasar kacici-kacici

Alhamdulillahi, matsalar ta kau. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare, tana cikin masu wakiltar makarantarsu a gasar kacici-kacici. A gida duk abin da ka tambaye ta amsa na bakinta, amma da an jera su gaban jama'a an fara ƙirga lokaci, sai bakin ya mutu. A gwaji aka tambaye ta alamar zinariya a kimiyya, ta san Au ce, har lokaci ya ƙare ba ta furta ba.

Ƙarin karatun dare bai haifar da komai ba sai gyangyaɗi a aji. Haddar tsofaffin tambayoyi ma haka, ana ɗan juya tambaya take rikicewa.

Sai na rufe littafin, na rubuta tambayoyi a ƙananan katuna, amsa a bayansu. Na saita agogon waya a daƙiƙa 15. Ina karanta tambaya da ƙarfi sau ɗaya tak, tana tsaye, ƙannenta na zaune sun zuba mata ido, wanda shi ne abin da take tsoro tun asali. Sharaɗin shi ne ta saurara har ƙarshe, ta ja numfashi, ta faɗi amsar kaɗai ba dogon bayani. Katin da ta kasa ya dawo washegari, wanda ta ci sai bayan kwana 3. Da ta saba na rage zuwa daƙiƙa 10. Minti 20 a rana ya ishe mu, daren gasa kuwa barci da wuri.

Ranar gasar na zauna can baya don kada ta riƙa neman idona. Muryarta ta fita tar. Allah Ya saka wa malamarta da alheri.