Yadda za a jawo masu kuɗi na waje su zuba jari a harkar domen

Babbar matsalar harkar saye da sayar da domen, wato sunan adireshin shafin intanet, ita ce kuɗin ƴan ciki ne kawai yake ta zagayawa, wane ya saya a gwanjo ya sayar wa wane, shi ma ya ajiye yana jiran wani ɗan harkar ya taya, toh a haka kasuwa ba ta girma. Sai kuɗin waje ya shigo, na attajirai da kamfanonin zuba jari, kuma su waɗannan ba ruwansu da daɗin suna, abin da suke son ji shi ne nawa abun yake, ta ina za su fita in sun gaji, sannan waye zai iya ƙwace musu.

Ka fara gaya wa mai kuɗin gaskiyar abin da zai saya. Domen ba mallakar har abada ba ce, rajista ce da ake sabuntawa, shekara 10 ce iyakar abin da za ka biya gaba ɗaya, in ka yi sakaci ta faɗi wani ya ɗauke shikenan. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da .com, kuma a Satumban 2024 ya mayar da abin da yake karɓa a shekara daga kamfanonin rajista dala 10.26, su kuma su ɗora nasu. Gara ya ji wannan daga bakinka da ace lauyansa ne ya tono.

Labarin manyan ciniki yana da amfani wajen buɗe hira, misali Voice.com da MicroStrategy ta sayar dala miliyan 30 a 2019, ko Chat.com da aka saya dala miliyan 15.5 a 2023 daga baya ya koma hannun OpenAI. Amma don Allah kar ka tsaya nan, duk mai kuɗin da ya san ciwon kansa ya san ba kullum ake irin wannan ba. Lissafin yau da kullum za ka shimfiɗa masa. A wajen yawancin ƴan harkar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kayansu ne ke fita a shekara, wato in kana da domen 1,000 kuma kowanne yana cin kamar dala 11 na sabuntawa, dala 11,000 kenan ta tafi kafin ka sayar da ko ɗaya, in guda 10 suka fita sai kowanne ya haura dala 1,100 kafin ka mayar da kuɗin sabuntawa kawai, ba a ma zo kan kamashon kasuwannin domen irin su Afternic ko Sedo ba balle uwar kuɗin da ka sayo su. Wanda ya kawo wannan a rubuce, na shekara uku ko huɗu a jere, da rasit, da waɗanda ya bari suka faɗi saboda ba su da amfani, wallahi ya fi mai baki ɗari samun jari.

Sai maganar farashi, a ganina nan ne gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin manyan ciniki a ɓoye ake yin su da yarjejeniyar kar a faɗa, shi ya sa ɗan waje ba ya da abin da zai auna da shi. NameBio da DNJournal suna tattara wanda aka bayyana, saboda haka in mai saye bai hana ba ka kai musu rahoton cinikinka, ko ƙarami ne, amfanin kowa ne. Kuma ka daina nuna ƙiyasin da manhaja ke bayarwa a matsayin daraja, ba mai ba ka kuɗi a kansa. Farashi biyu za ka rubuta wa kowane domen, na sari wanda ɗan harka zai biya yau in ka matsu, da na mai buƙata wanda kamfani zai biya in ya zo, ko bana ko nan da shekara bakwai. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribar, ita ce kuma haɗarin.

In baƙon jari ne ka fara shi da kayan da ke da kasuwa kullum, gajerun .com masu harafi uku guda 17,576 ne kacal a duniya kuma duk an kama su, irin waɗannan ko yaushe akwai mai taya. Duk da haka ka tuna masa 2015, lokacin da masu saye daga China suka yi ta wawar gajerun sunaye farashi ya yi sama, 2016 na zuwa ya zube. Wata dabarar kuma ita ce sayarwa kashi-kashi ko bada haya, mai saye yana biya duk wata domen ɗin yana hannun amintaccen ɗan tsakiya har ya gama, masu jari suna son wannan sosai don kuɗin da ke shigowa wata-wata shi ne yaren da suka fi ganewa.

Za su tambaye ka Marchex, ka shirya amsa. A 2005 kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 164 ya sayi tarin domen sama da 100,000 yana dogaro da kuɗin tallar da ake sakawa a shafukan da ba komai a kansu, daga baya wannan kuɗin talla ya ja baya sosai, a 2015 ya sayar wa kamfanin rajista na GoDaddy sama da 200,000 a kan kusan miliyan 28. Ka nuna cewa naka lissafin a kan sayar wa masu buƙata ya tsaya, talla ƙari ce in ta samu.

Kafin ka je wajen kowa ka tsabtace kayanka. Duk sunan da ya yi kama da alamar kasuwancin wani ka watsar da shi, tun 1999 akwai tsarin UDRP na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, wanda mai alama zai kai ƙara wajen irin su WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, in ya yi nasara a karɓe domen ɗin ba tare da an biya ka komai ba, guda ɗaya irin wannan ya isa ya kori mai jari. A yi rajistar komai da sunan kamfani ba sunan mutum ɗaya ba, a kulle manyan a matakin rajista, a saka tabbaci mai mataki biyu, kuɗin ciniki kuma ya bi ta amintaccen ɗan tsakiya irin Escrow.com ko makamancinsa.

Tsarin haɗin gwiwar kuwa a rubuta shi dalla-dalla, ko irin na mudaraba ne, shi ya kawo kuɗi kai ka kawo sani a raba riba a kan kason da aka amince, tare da faɗin shekarun da kuɗin zai zauna da wanda ke da ikon karɓar tayi. Kar ka kuskura ka yi alƙawarin riba tsayayya duk wata. In kuma mutane da yawa za ka tara ko za ka yanka domen ɗaya kaso-kaso ka sayar, wannan ya shiga dokar hannun jari a ƙasashe da dama, a Amurka hukumar SEC ce ke kula da shi, sai ka ga lauya tukunna kafin ka karɓi ko dala ɗaya.