Babi na Shida: Yaro Yana Zane a Waya, Babba Yana Gefensa

Yaro kan fara zane tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Ɗan shekara biyu yana jan layi barkatai. Ɗan shekara uku yana iya kewaya da'ira. Can gaba kaɗan sai ya zana ƙaton kai, ya maƙala masa ƙafafu biyu, ya ce wai Baba ne. Yanzu waya da kwamfuta sun zama allo su ma, ga launuka iri-iri da ba sa ƙarewa, ba sa kuma ɓata riga. Abu ne mai kyau. Sai dai wayar da yaro yake zane a cikinta ita ce mai ɗauke da kuɗinku, da hotunanku, da hanyar da baƙo zai iya biyowa ya same shi. Don haka wannan darasi na manya ne. Ba sai kun iya zane ba. Abin da ake so ku iya shi ne shirya wayar, da zama kusa da yaro.

Kafin ku miƙa masa waya

A fara da shekaru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan ƙananan yara: wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Awa ɗayar nan ta haɗa komai, har da kallon da ya yi da safe. Zane na minti goma sha biyar ko ashirin ya ishi ƙaramin yaro.

Sai zaɓen manhaja. Ku ne za ku sauke ta, ku kuma fara gwada ta ku kaɗai, ko da na minti goma ne. Yawancin manhajojin da ake cewa kyauta ne da talla suke samun kuɗi. Yaro yana cikin shafa launi sai hoton wani wasa ya rufe allon, alamar rufewa kuma 'yar mitsitsiya ce a can kusurwa. Ɗan yatsansa zai kuskure, ya faɗa wani wuri da ba ku nufa ba. Wasu kuma suna kulle launuka masu kyau, sai an biya a buɗe. Idan kun ga irin wannan, ku goge ta ku nemi wata. Akwai Tux Paint, wadda ta fito a 2002, an yi ta ne domin yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Kyauta ce, ba ta da talla, tana aiki a kwamfuta da wayoyin Android. Masu kwamfuta mai Windows kuma suna da Paint a ciki, tun 1985 take zuwa tare da ita.

Da kun sami manhajar, ku kashe data. Hanya mafi sauƙi ita ce danna alamar jirgin sama da ke saman waya. Zane ba ya bukatar intanet, kuma da an kashe shi yawancin tallace-tallace ba sa shigowa, saƙon kowa ma ba zai faɗo a gaban yaro ba. A ganina wannan dannawa guda ɗaya ta fi duk sauran dabaru amfani, ga shi ko wanda bai iya karatu ba zai gane hoton jirgi.

Akwai kuma hanyar kafe manhaja ɗaya a allo yadda yaro ba zai iya fita daga cikinta ba. A wayoyin Android ana kiranta App pinning, a iPhone da iPad kuma Guided Access. In kun kasa gano ta, ku ce wa malamin ajinku ya nuna muku sau ɗaya. Ku sa lambar sirri a wurin sayen manhajoji, kada kuma ku danna ta yaro yana kallo, domin idon yara ya fi namu saurin ɗauka. A cire waya daga caji kafin a ba shi.

Zama na farko

Ku zauna gefe da gefe, a wuri mai haske, wayar tana ajiye a kan tebur ko matashi, ba dab da idonsa ba. Abu uku kawai za ku nuna masa a ranar: inda ake zaɓen launi, abin gogewa, da 'yar kibiyar nan mai lanƙwasa baya.

Kibiyar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Aikinta shi ne mayar da zane yadda yake kafin kuskuren ƙarshe. Akwai yaran da in layi ya karkace a takarda sai kuka, su yaga ta su ce ba su iya ba. A waya kuwa dannawa ɗaya ce, layin ya tafi, sauran zanen yana nan. Yaron da ya san haka yakan saki jiki, ya gwada abin da da yake tsoro. Ku yi kuskure da gangan a gabansa, ku ce, "Kash, na ɓata. Bari in koma baya." Zai kwaikwaya.

Daga nan sai ku janye hannunku. Nan ne manya suke shan wahala, domin hannu yana ƙaiƙayi ya gyara. Idan ya yi wa kyanwa launin kore, ku bar ta kore. Idan ya ɗago ya ce, "Umma, duba!" kada amsar ta tsaya a "ya yi kyau". Ku tambaye shi, "Wane ne wannan? Ina za shi?" Sai ku ji labari ya ɓarke, kalmomi suna ta fitowa. Manhajojin da ke da zane shiryayye, yaro ya taɓa kawai launi ya cika, ba laifi a yi su jefi-jefi, amma farin allo ya fi su koyar da shi.

Idanu suna gajiya. Likitocin ido suna cewa duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ga yaro, sai ku ce, "Leƙa taga ka gaya mini abin da ka gani." Kada kuma waya ta kori fensir da takarda. Riƙon fensir yana ƙarfafa yatsun da zai yi rubutu da su, shafa gilashi ba ya yin haka.

Tun kafin a fara ku faɗa masa lokacin tashi. In ya kusa, ku ce, "Saura zane ɗaya, sai mu adana." Fizge waya ba zato shi ke kawo birgima.

Bayan an gama zanen

Ku nuna masa yadda ake adanawa, ku buɗe masa wuri guda da za a riƙa tara zanensa. Bayan wata uku ku duba tare, zai yi mamakin kansa.

Turawa kuma aikinku ne. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, don haka ƙaramin yaro ba shi da abin yi a can, ko da sunan nuna zane ne. In kuna so kakarsa ta gani, ku tura mata ita kaɗai, bayan kun tambaye shi ko ya yarda. Ku duba kada cikakken sunansa, ko sunan makarantarsa, ko hotonsa da kayan makaranta su bi zanen zuwa inda baƙi suke gani. Idan manhajar zane ta nemi izinin sanin inda kuke, ko lambobin mutanenku, ku ƙi. Zane bai bukaci wannan ba.

Jimla ɗaya za ku koya masa, ku yi ta maimaitawa: "In wani abu ya fito da ba ka gane ba, kada ka taɓa, ka kira ni." Ranar da ya kira ku, ko da ya riga ya taɓa, kada ku yi masa faɗa. In kun yi, gobe ɓoyewa zai yi.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama yaro, ɗaya babba. Babban ya kashe data, ya buɗe manhajar zane, ya nuna launi da abin gogewa da kibiyar komawa baya, sannan ya naɗe hannunsa na minti biyar cur. Sai ku yi musaya. A gida kuma ku yi haka da yaronku, ku rubuta a littafinku abin da ya ce ya zana, da kalmominsa, ku zo da shi mako mai zuwa.