Ɗan ƙaramin "in" na Turanci da yake kayar da mu

Jama'a bari mu fara da wanda zai iya jawo asarar rai. In tankar mai ta wuce ku duba jikinta, da yawa za ku ga an rubuta Highly Inflammable, to akwai masu karantawa su ɗauka wai abin da ke ciki ba ya kama wuta, saboda tun firamare an koya mana in- a farkon kalma kore ne, kamar correct da incorrect. Wallahi ba haka ba ne a nan. Inflammable 'yar'uwar inflame ce, wato cinna wuta, ita da flammable ma'anarsu ɗaya, wanda ba ya kamawa shi ne non-flammable. Don Allah a riƙa gaya wa yara da masu sayar da fetur a galan bakin titi.

Abin da ya kawo ruɗanin shi ne in- ɗin kala biyu ne, ɗaya na kore, ɗaya kuma na shiga ciki, irin na inject da include. Sannan in oganka ya rubuto maka your help was invaluable kar ka ɓata rai, yabo ne babba, yana nufin taimakonka ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi. Infamous kuma ba wanda ba a sani ba ne, an san shi sarai amma da mugun hali, kar ka je ka kira malaminka haka.

Wajen rubutu, babu wata kalma inpossible ko inlegal. Kafin b, m, p sai ya koma im-, shi ya sa impossible, immature, imbalance, kafin l ya zama il- a illegal, kafin r kuma ir- a irregular. Mu ma ai muna yi, ka ce gidan Bala da sauri ka ji yadda bakinka ke fitar da gidam Bala. Wasu kam sai hadda, unable amma inability, unjust amma injustice.

Shi kuma in mai zaman kansa, matsalarmu ita ce "a" ɗinmu guda ɗaya tana mana aikin in da on da at gaba ɗaya, sai mu yi ta cusa in ko'ina. Shekara da wata su ne na in, in 1960, in October, amma da ka ambaci rana sai on, on 1st October, on Friday, ƙarfe kaza kuma at. Ana cewa in the morning amma at night. In a car, in a taxi, amma on the bus, on the plane.

Masu zuwa intabiyu ku lura da wannan, in an ce be on time ana nufin ƙarfe tara ɗin da aka sa maka cif, in time kuma ka iso kafin lokaci ya ƙure, misali kafin a rufe get.