Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Kare da Karya

Kafin ka je wurin mai 'yan kwikwiyo, fara duba abin da ke gidanka. In kana da kare, nemo karya. In karya gare ka, nemo namiji. Maza biyu sukan yi ta rigimar wane ne babba, amma faɗan mata biyu ya fi wuyar rabo, don in suka ƙullaci juna da ƙyar su sake shiri. Sai dai ka sani, namiji da mace a gida ɗaya, in ba a yi wa ɗayansu aikin hana haihuwa ba, 'yan kwikwiyo na nan tafe.

Daga nan ka tambayi kanka ko za ka iya da lokacin barbara, don nan ne aikin karya yake. Takan fara tun tana wata shida, manyan nau'i kuwa sukan kai shekara ko fiye. Abin yana zagayowa kusan sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku. Za ka ga ɗigon jini a inda ta kwanta, ka kuma wayi gari ka tarar da karnukan da ba ka taɓa gani ba sun yi dafifi a ƙofa, wani har yana tonon ƙasan katanga. Sakacin minti biyar ya isa, bayan kwana 63 ka ji kukan jarirai a lungu. In ba kiwo ka yi niyya ba, ka yi magana da likitan dabbobi kan cire mata mahaifa. Aikin ya fi dandaƙa girma tunda sai an buɗe ciki, amma yana tsare ta daga ciwon da mahaifa ke cika da mugunya, wanda kan yi kisa, kuma in an yi shi da wuri yana rage haɗarin ƙari a nono.

Shi namiji ba shi da wani lokaci, kullum a shirye yake. Da ya shaƙi ƙanshin karya sai hankalinsa ya bar gida. Ga ɗaga ƙafa ya yi fitsari: tayar mota, gindin bishiya, ƙafar kujera in ka yi sake. Dandaƙa na rage yawon da fitsarin, amma ba ta gyara karen da ba a horar ba.

Ka kuma auna ƙarfin wanda zai riƙa jan igiya. A irin karen Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da shi, namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32.

Maganar cewa karya ta fi biyayya, kare ya fi wasa, ni dai ban ba ta nauyi sosai ba. Nau'i da horo sun fi jinsi tasiri. Don haka in ka isa, durƙusa ka tafa hannu, ka ga wanda zai zo yana kaɗa wutsiya, da wanda zai maƙale a kusurwa yana rawar jiki. Nemi a nuna maka uwar, ka lura da yadda take karɓar baƙo. Kada ka raba ɗan kwikwiyo da ita kafin ya cika mako takwas. In namiji ka ɗauka, sa likita ya duba ko 'ya'yan marainansa biyu sun sauko, a wannan zuwan kuma ku tsayar da ranar allurar ciwon haukan kare, wadda akan yi yana wajen wata uku.