Yadda Ake Kwance Notin Injin Kwale-kwale Idan Ya Cije

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara da masu jigila a Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo. Yawancin notunan da ke cijewa a ƙafar injin, wato sashen ƙasa da ke shiga ruwa, musamman kusa da famfon ruwa, ba tsatsa kaɗai ke riƙe su ba. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyom, kuma idan suka daɗe cikin danshi sai wani farin gari ya taru a zaren, ya manne su kamar siminti.

Kada a fara da ƙarfi. A goge kan notin, a fesa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, a bubbuga da ƙaramar guduma domin man ya ratsa, sannan a bar shi ya kwana. Washegari a sa soket mai kusurwa 6 wanda ya zauna daram, domin sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti, a ɗan ƙara ɗaurewa kafin a sassauta, ana kai da komo a hankali.

Idan ya ƙi, a nesanta tankin fetur da tiyonsa, a gasa alminiyom ɗin da ke kewaye da notin, saboda ya fi ƙarfe buɗewa da zafi. Sai dai a kula, alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da ya yi ja ba, kuma robobin da ke tare mai suna ƙonewa tun kafin nan. A ganina notin da ya karye gara a kai wa mai walda ya liƙa masa wani noti a kai domin a samu abin kamawa a kwance shi, da a huda shi a ɓata zaren. Wajen mayarwa a shafa giris.