Yadda ake gane kalgo da yadda ake renonsa cikin gona

Duk wanda ya taɓa sassabe a jigawar Maradi, daga Tibiri har Agye da Tasawa da Mayahi, ya san kalgo, tunda kowace bazara sai an datse shi kuma kahin hatsi ya kai gwiwa ya sake tohowa. To abin da nike so mu duba shi ne wanga tohon da muke gani kamar fitina, ƙarƙashinsa saiwa ce mai rai mai zurhi wadda ta daɗe cikin ƙasa, kuma in aka bi ta yadda ya kamata za ta ba ka icce da sauri fiye da dashen da za ka sayo ka yi ta wahalar ban ruwa.

Da farko ka tabbatar kalgon ne. Ganyensa tsage yake daga baki ya rabu biyu kamar kofaton raƙumi, yana da kauri da ɗan tauri, jijiyoyinsa duk daga gindin ganyen suke tasowa, in ka tauna ɗanyen za ka ji tsami-tsami. Masana tsirrai suna ce mai Piliostigma reticulatum, dangin wake ne da tsamiya da gawo, shi ya sa ɗiyansa suke cikin kwanso. Akwai wani ɗan uwansa da ake samu can kudu inda ruwa ya fi yawa, shi ma kalgo ake ce mai, amma ganyensa ya fi faɗi kuma bayansa da gashi-gashi, namu na nan sumul yake. Furen yana fitowa da damina, fari ne da ɗan ratsin ja, kunnuwa 5. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kalgo akwai namiji akwai mace, kowane da gindinsa daban. In ka ga wani gindi kullum yana fure amma bai taɓa yin ɗiya ba, lahiyarsa lau, namiji ne, kuma kada ka sare su duka don macen na buƙatarsa kahin ta yi kwanso.

Sai zaɓen kututture. Lokacin sassabe ka zagaya gonar tukuna kahin ka sa adda, ka ware gindin da za ka bari, waɗanda tohonsu ke da ƙarhi kuma ba su cunkushe wuri guda ba, ka bar tazarar da garma ko amalanke za ta wuce. Ba dole ka bar kowane ba. Wanda yake farawa gara ya ɗauki kaɗan ya kula da su sosai, baɗi ya ƙara.

Aikin gaske yana wajen rage toho. Gindi guda zai iya fidda sanduna da yawa, duka suna rabon abinci guda shi ya sa babu wadda ke girma. Ka zaɓi 3 zuwa 5 waɗanda suka fi miƙewa da kauri, sauran ka cire su daga ƙasa. Adda ko wuƙar ta kasance da kaifi ƙwarai, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama a karkace, don in ka saro daga sama ɓawon yana ɓarewa ya bi jikin sandar da kake so ka raya, nan ne gara da ruɓa suke samun ƙofa. Waɗanda ka bari sai ka sassaƙe ƙananan rassansu daga ƙasa zuwa kamar rabin tsawonsu, sama kuma ka ƙyale ta da ganyenta. Don Allah kada a aske shi tas a bar ɗan tuntu a ka, wanga kuskure ya yi yawa, sanda siririya da ba ta da rassa iskar farkon damina tana karya ta, ko akuya ta tankwaro ta. In sandunan suna rangaji ka haɗa su ka ɗaure sako-sako da ɓawon kalgon da ka sare, ka ƙulla ɗan tsumma don mai neman kirare ya san da mai shi.

Ganyen da ka sare kada ka sa mai wuta. Baza shi wurin, shi ne takin. Nan ma akwai abin lura: ko da yake dangin wake ne, saiwar kalgo ba ta yin ƙululun nan da ke tara taki daga iska kamar ta wake ko gyaɗa ko gawo. Gyaran ƙasarsa daga ganyen da ke zuba yake, da ƙura da yayi da yake tarewa lokacin hunturu, da kashin bisashen da ke kwanciya inuwarsa. An kuma yi bincike a Senegal aka ga kalgo da sabara suna jawo ruwa daga ƙasa can da dare su jiƙa ta sama, hatsin da ke kusa ya samu. Kowa ya ga yadda hatsin gindin kalgo yake fin na hili baƙin ganye.

Bayan nan sai komawa. Duk bayan 'yan watanni sabon toho zai fito a gindin, ka cire shi. In damina ta kama inuwa ta yi wa shuka yawa ka ƙara rage rassa. Bayan shekara 2 ko 3 za ka iya sare sanda guda kowace shekara don girki ko rumbu ko darni, ka bar sabuwa ta maye gurbinta, guda ɗaya kuwa ka ƙyale ta ta zama icce sosai.

Wanga aiki shi ne sassabin zamani, kuma nan jihar Maradi ya soma bunƙasa, wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ɗin Kirista da ake ce ma SIM ya fara shi da manoma, yunwar 1984 kuma ta sa mutane da yawa suka shiga. An yi lissafin wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar, galibi Maradi da Damagaram. Garuruwa irin su Ɗan Saga sun yi suna ne don sun kafa kwamitin tsaro, domin maganar gaskiya in gari bai haɗa baki ba, mai gatari da dare zai kwashe wahalarka. Ku zauna da mai gari da makiyaya da ma'aikatan gandun daji tun kahin a fara.

Da ɗari kwanson kalgo ke nuna, dogo mai tauri ruwan ƙasa-ƙasa, ba ya fashewa da kansa. A tara a daka a haɗa da dussa, tumaki da shanu suna ci sosai lokacin da haki ya ƙare. Mata kuma sun san ruwan ganyensa wajen tuwo in tsamiya ta yi tsada. Wanda gonarsa ba kututture ko ɗaya sai ya koma ga iri: fasa kwanson, fidda ƙwayar, zuba mata ruwan zahi ta kwana ciki ko ka ɗan kankare bayanta, don tana da tauri, sannan a shuka da ruwan farko a kewaye da ƙaya saboda awaki.